Leshin da Umma Ta Kasa Yankawa

Yau ba hira na zo yi da ku ba, laifina na zo faɗa. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura mini aure, kuma ni da hannuna na yi wa mahaifiyata abin da ba zan taɓa mantawa ba. Ku bari in ɗauko zancen daga tushe, don wanda bai san gidanmu ba ya gane inda na dosa.

Umma tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, ƙofarsa na kallon titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, sai labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. Tef ɗin awo kullum yana wuyanta, ba ta cire shi sai za ta yi alwala. Ƙa'idoji biyu na tashi na tarar tana bi. Ta farko, yadin da aka kawo yau, yau ake yanka shi, ba ya kwana. Ta biyu, kayanta su ne na ƙarshe, sai ta sallami kowa sannan ta waiwayi kanta. Tunda kuwa ba a taɓa gama sallamar kowa ba, kun san da me take zuwa biki: da abin da ta sa a bikin bara.

Hajiya, mahaifiyar wanda zan aura, shekara goma sha huɗu ke nan Umma na yi mata ɗinki. A shagon nan na san ɗanta. Shi yake kawo ta a mota, ya zauna a bencin ƙofa yana ta goge tabarau da gefen riga, ni kuma ina wucewa ina yi kamar ban gan shi ba. Har yau a wayata sunansa Mai Tabarau. Shi kuma Likita yake ce mini, don ina aiki a kantin magani, alhali ko allura ban taɓa yi wa kowa ba.

Kar ku ɗauka Hajiya muguwa ce. Mace ce mai hannun kyauta, mai yawan magana, irin wadda in ta shigo ɗaki sai ɗakin ya koma nata. Ta yarda da idon Umma har ta daina zuwa kasuwa. Umma ke zaɓo mata yadi, ta zo ta tarar an shimfiɗa a tebur, ta ce ya yi, a ɗauki awo. Ku riƙe wannan, don nan abin ya faru.

Kwana tara da suka wuce na dawo daga aiki da yamma, na ga motarsu a ƙofa. Ina ɗaga labulen shago na tarar da Hajiya tsaye gaban madubi, ta yafa wani leshi a kafaɗa. Umma na durƙushe a gabanta, fil uku a bakinta, tana auna tsawon riga.

"Amaryarmu, shigo ki gani," in ji Hajiya. "Dubi abin da telata ta zaɓo mini na ranar liyafa. Ni da na zo in ce wannan karon ta raka ni kasuwa, sai na tarar ta riga ta shimfiɗa shi yana jirana. Wallahi matar nan ta fi ni sanin jikina."

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na kalli leshin. Ruwan makuba ne, mai nauyi, da ƙananan furanni na zaren azurfa da ba sa ihu sai haske ya taɓa su. Ban taɓa ganin yadi mai kyansa a shagon nan ba.

"Ya yi kyau, Hajiya."

"Ai na sani. Telata, ki ɗan sake mini hannun, kin san ba na son matsi. Ke kuma me za ki sa?"

Umma ta cire fil ɗaya daga bakinta ta soka a yadin. Ta cire na biyu. Sai da ta cire na uku sannan ta ce, "Zan samu wani abu."

"Ki nemi mai haske dai, kar mu yi kama a hoto. Uwar ango da uwar amarya in suka shiga kala ɗaya sai a rasa wace ce wace."

"Haka ne, Hajiya."

Ni a lokacin ba yadin ne ya dame ni ba. Durƙuson ne. Sau dubu na ga Umma a ƙasa tana auna wa mata, ban taɓa jin komai ba, sana'arta ce, da ita ta biya mini makaranta. Amma ranar sai na kasa kallo. Nan da 'yan kwanaki matan nan biyu za su zauna kujera kusa da kujera, surukan juna, ga shi ɗaya na tsaye tana cewa a sake mata hannu, ɗayar na ƙasa tana cewa haka ne.

Bayan sun tafi na ce, "Umma, har yanzu telata take ce miki."

"To me zan zama, direbarta?"

"Surukarta za ki zama."

"Sai a ɗaura tukuna. Miƙo mini tsintsiya."

Ta naɗe leshin ta ajiye a ƙarshen tebur. Washegari yana nan. Jibi yana nan. Ta yanka wa matar mai shagon taya, ta yanka na 'yan biyun maƙwabciyarmu, ta gama rigunan ƙawayena shida, leshin Hajiya na nan a naɗe ba a taɓa ba. Macen da yadi ba ya kwana a teburinta. Na lura, amma sai na ce a raina tsoron ɓata kaya mai tsada take yi. Kun ga irin wayona.

A waya kuma dangi sun sa ni gaba. Muna da rukuni na shirin biki, saƙo ba ya tsayawa. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce shugabar masu tayar da hankali.

"Amarya, uwarki wane kala za ta sa? An ce uwar ango ta riga ta fitar da nata."

"Kar a zo ranar a ga uwar amarya kamar 'yar rakiya. Mutanen nan masu hali ne, ido za a zuba mana."

"Tela dai tela ce, kowa ya yi kyau ban da ita."

Anti, ƙanwar Umma da ke aure a wani gari, ta rubuta layi ɗaya: "Ku bar Yaya, ta fi ku shiri." Na karanta na yi tsaki. Wane shiri? Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, na buɗe durowarta na ƙirga, ba sabon abu ko ɗankwali.

Duk lokacin da na tambaye ta amsar ɗaya ce. "Zan samu wani abu." Ranar da na matsa ta ce, "Ke ce amarya ko ni? Ki ji da kanki." Sai na kai ƙara wurin Mai Tabarau.

"Umma ba ta da kayan sawa," na rubuta masa.

"Tela guda? Likita, ki ji tsoron Allah."

"Da gaske nake. Na mamanka ma ba ta yanka ba, bare nata."

"To mu ɗauke mata nauyi. Akwai kantin da ake sayar da ɗinkakku, masu kyau. Mu saya mata, ta huta. Ranar ita ma a yi mata hidima."

Na karanta sau uku ina murmushi ni kaɗai. Na ce wannan shi ne miji. Ko kusa ban tsaya na tambayi kaina ba, tunda aka haife ni yaushe na taɓa ganin Umma da rigar da wani hannu ya ɗinka?

Shekaranjiya muka je. Kanti ne mai sanyi da ƙamshi, riguna a jikin gumaka, mai kantin na bin mu a baya tana yabon duk abin da na taɓa. Na zaɓi doguwar riga ruwan toka mai haske, da duwatsu a wuya da bakin hannu, da mayafinta. Aka naɗe ta cikin farar takarda, aka sa a kwali, aka ɗaure da zare mai sheƙi. Mai Tabarau ya riƙe kwalin kamar jariri har mota.

Jiya da rana na shiga shago da shi. Umma na kan keke, Anti kuma ta iso da safe domin biki, tana cikin gida tana wanka.

"Umma, ga saƙo daga ni da shi."

Ta tsayar da keken. Ta goge hannu a zaninta, ta kwance zaren a hankali, ba ta yanke ba, ta naɗe shi a yatsa ta ajiye. Ta ɗago rigar. Ina jiran ta kara a jikinta ta kalli madubi, kamar yadda kowace mace za ta yi. Ita kuwa sai ta zura hannu ta juya rigar ciki waje. Ta bi ɗinkin gefe da babban yatsa tun daga hammata har ƙasa. Ta ja zif sama da ƙasa. Ta duba kalmasa, ta tsinci wani zare da ya yi saura, ta ciza ta cire.

"Ba su bar komai a ciki ba," ta ce. "In mutum ya ƙara jiki shi ke nan."

"Umma, ki gwada mana."

"Duwatsun manna su aka yi. Wanki biyu za su zube."

"Ai rana ɗaya ce. Don dai ki fito kamar kowa."

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Ta ɗago ta kalle ni, kallon da ba faɗa a cikinsa, shi ya sa ya fi zafi.

"Kamar kowa."

"Ina nufin... mutanensa za su zo, manyan mata, kin san yadda suke kallo. Na ga ba ki da lokaci."

"Shekara nawa manyan matan nan ke sa ɗinkina su je a kalle su?"

Ta mayar da idonta kan rigar.

"Ba komai. An gode. Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Ta juya rigar daidai, ta naɗe ta yadda aka kawo, ta rufe kwalin. Daga nan ta miƙe ta nufi ƙarshen tebur, ta ɗauko leshin Hajiya ta warware shi. A bayan yadin na ga zanen alli kala biyu: farin layi a waje, shuɗin layi a ciki, mai ɗan ƙanƙanta. Ta ɗauki babban almakashi, ta yi bisimilla, ta sa a kan farin layin. Kwana takwas ta kasa, jiya cikin minti goma ta gama. Gaba, baya, hannu biyu. Ƙarar almakashin a kan katako har yanzu tana kunnena.

Tana yanka hannu na biyu Anti ta shigo tana ɗaura ɗankwali.

"A'a, Yaya, sai yau kike yanka kayan naki? Ke dai ba kya canzawa." Ta matso ta ɗaga gaban rigar, ta ware shi a iska. Fara'arta ta ɗauke. "Wannan ai ya yi miki yawa. Biyunki za su shiga."

"Na Hajiya ne," na ce.

Anti ta juyo ta kalle ni, ta kalli Umma. "Wace Hajiya? Leshin naki?"

"Ajiye mini kaya kar ki yamutsa," in ji Umma.

"Ba zan ajiye ba. Ke amarya, ba ki san yadin nan ba? Ranar da kika gama makaranta muka saye shi, ni da ita, shekara huɗu ke nan. Shago bakwai muka shiga. Tunda nake da Yaya ban taɓa ganin ta sayi yadi ta ce nata ba ne sai ranar. Ta ce wannan na ranar auren yarinyar nan ne, da hannuna zan ɗinka, in zauna kowa ya san ni na haife ta. A ƙasan akwati yake, duk wata uku sai ta fito da shi ya sha iska."

Na zauna a kan kwalin yadika.

"Umma, shuɗin allin..."

"Awona ne." Tana tattara guntayen yadi, ba ta kalle ni ba. "Da safen ranar na fito da shi na zana. Na shiga gida ɗauko almakashi, na dawo na tarar ta yafa a kafaɗa tana murna."

"Sai ki ce mata naki ne."

"In ce me? Mace ta shigo da farin ciki, tana cewa na fi ta sanin jikinta, in ce mata cire, ba naki ba ne? Shekara goma sha huɗu ban taɓa ce mata a'a ba, sai yanzu da za ki shiga gidanta? Ta tafi da kunya, ke ki je ki tarar da kunyar tana jiranki?"

"To me ya hana ki yankawa tun ranar?" Anti ta tambaya.

Umma ta ajiye guntayen. "Hannuna ne ya ƙi. Kullum ina cewa gobe zan san yadda zan gaya mata." Ta kai ido kan kwalin da na kawo. "Yanzu kuwa an hutar da ni. Tunda mai bikin ma ta fi son na kanti."

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka, na rantse ba haka nake nufi ba, na riƙe hannunta. Ta zare hannun a hankali ta gyara mini mayafi.

"Saurara ki ji. Abin da aka yanka an yanka. In kika buɗe baki matar nan ta ji wannan zance, ko daga gare ki ko daga ɗanta, ba zan taka wurin liyafar nan ba. Kin san ba na faɗa in fasa."

Na sani. Umma ba ta rantsuwa, ba ta kuma maimaita magana.

Da suka shiga gida na tsaya ni kaɗai a gaban tebur. Na juya gaban rigar ina kallo ta cikin hawaye, sai na ga abin da ya tsayar da kukan. Shuɗin layin yana nan ɗungurungum a cikin abin da aka yanka, ko kaɗan almakashi bai taɓa shi ba. Hajiya ta fi Umma tsawo, ta fi ta jiki. 'Yar tela ce ni, ko ban iya keke ba na san wannan: abin da aka yanka babba ana iya rage shi. Rigar Umma tana nan kwance a cikin rigar Hajiya. Sai dai in an haɗa, an ɗinka shafin ciki, an fitar da wuya irin faɗin da Hajiya ke so, shi ke nan ta tafi.

A nan ya kamata in nemi Anti mu yi shawara. Ni kuwa waya na ɗauka. Na danna na yi wa Mai Tabarau saƙon murya na minti huɗu, ina kuka ina magana. Na gaya masa komai. Kuma tunda na ce laifina na zo faɗa, bari in faɗa duka: na ce mahaifiyarsa ta saba duk abin da idonta ya gani nata ne. Na ce shekara goma sha huɗu tana kallon uwata daga sama, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar ko ita ma tana son abu mai kyau ba. A ƙarshe na ce kar ya gaya wa kowa. Har na ajiye wayar ina jin na sauke kaya.

Bai amsa ba sai yau da safe.

"Likita, ki yi haƙuri."

"Da me?"

"Ina sauraron saƙonki Hajiya ta shigo falo. Ta ga fuskata. Kin san ban iya ɓoye mata ba."

"Me ka gaya mata?"

"Ban gaya mata ba. Ta ce in kunna."

"Duka?"

"Har ƙarshe. Ta ce in sake kunnawa."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki. Ko karyawa ba ta fito ba."

Hajiya da ba ta iya shiru na minti ɗaya. Na zauna a bakin gado. Na karya maganar Umma, na zagi surukata a kunnenta sau biyu, duk a yini ɗaya, saura kwana goma sha ɗaya.

Wajen ƙarfe sha ɗaya saƙo ya shigo daga lambar Hajiya, wadda ba ta taɓa rubuto mini ba, kullum kira take yi. Ba gaisuwa, ba amaryarmu.

"Ki kawo mini yadin yadda yake, kafin la'asar. Ki haɗo da tef ɗin awon mahaifiyarki. Ke kaɗai. Kada ta sani."

Na karanta ya fi sau ashirin. Ko wani tela za ta kai wa, ta yanke hulɗar shekara goma sha huɗu, ta mayar wa Umma da tef ɗinta a leda? Ko a gabana take so ta ajiye shi ta ce mu riƙe kayanmu da 'yarmu? Ko wani abu ne daban da ban isa in sa rai da shi ba? Na kira Mai Tabarau, ya ce shi ma an ce ya bar gidan sai yamma.

Na shiga shago na zauna kamar mai taya hira. Umma ta riga ta sa zare ruwan makuba a keke. Ta jera gaba da baya ta kama da fil, shafin na gefe a yanke.

"Ina idar da azahar zan haɗa," ta ce. "In gama da shi in huta. Me ya sami idonki?"

"Ba komai, Umma."

"Ki daina kukan nan, amarya ba ta kumbura. Rigar taku zan sa. Na duba, in na sake kalmasar za ta zauna."

Aka kira salla. Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta cire tef ɗin daga wuyanta ta rataye a ƙusar jikin madubi, inda take rataye shi tun ina rarrafe. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ki kula mini da shago."

"To, Umma."

Na ji ƙarar buta a tsakar gida. Na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, na naɗe leshin na tura a jakata. Da na kai hannu kan tef ɗin, da ɗumin wuyanta a jikinsa.